Neman Angon Ƙudan Elshevo

Mai girma shugabar wannan taro kuma shugabar ƙauyenmu, Uwargida Rumyana Taskova. Mai daraja limamin cocinmu, Fada Serafim. Abokan aikina da suka taso tun daga Sofiya a kan wannan hanya tamu mai kwana-kwana. Malaman makaranta da ɗalibansu. Dattawan Elshevo maza da mata, har da na kujerun baya da na ga sun fara leƙen teburin abinci. Da kuma uban gayya, malamina Farfesa Zahari Dobrinov, wanda ke zaune a gabana ya murtuke fuska don an tilasta masa sa kwat: ina yi muku barka da yamma, ina yi muku barka da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa hukumar ɗakin karatu da ta buɗe mana wannan zaure, ina gode wa iyayenmu mata da suka yi sammako suna murza ƙullin banitsa, wainar nan tamu mai cuku, ina kuma gode muku, mutanen Elshevo, da kuka yi shekaru kuna kallon manyan mutane da raga a hannu suna tattake muku gonar wake, ba ku taɓa sakar mana karnuka ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Nevena, 'yar Todor mai injin niƙa, wadda aka tura birni ta zama likita ta dawo tana kamun ƙuda. Mahaifiyata har ta koma ga Allah tana gaya wa maƙwabta wai a asibiti nake aiki.

Magana ta farko ita ce, wane ne wannan da muka taru dominsa? Ɗan ƙuda ne da bai kai rabin sauro ba, baƙi mai sheƙi, ƙafafunsa ruwan zuma, gidansa fadamar da ke ƙasan tsohon injinmu. Ba ya cizon mutum, ba ya cizon dabba. Duk wanda ya ce shi ne ya cije shi, ya nemi wani ya ɗora wa laifi. Macen ce mafarauciya. Idan rana ta yi sanyi, ƙananan ƙwari suka taru suna rawa a saman ruwa, sai ta kutsa cikinsu, ta cafke ɗaya da ƙafafunta masu ƙayoyi, ta huda shi, ta zuƙe shi tas, ta yar da ɓawon.

Malam ya fara kama ta yana saurayi, kansa baƙi wuluk. A wancan lokaci injinmu yana juyawa, makarantar nan cike take da yara, motar haya tana zuwa safe da yamma, kuma in aka yi biki a dandali sai layin masu rawa ya zagaye coci ya dawo. A ɗakin saman injin aka sauke shi. Da ya duba abin da ya kama sai jikinsa ya ba shi cewa duniyar masana ba ta san wannan halitta ba. Amma jiki ya ba mutum daban, hujja daban.

Wannan ya kawo ni magana ta biyu, wato abin da ya sa aikin wata guda ya cinye ƙuruciyar mutum da tsufansa. Matan wannan dangi na ƙudaje kama suke da juna matuƙa. Wanda ke raba gardama shi ne namiji, domin a ƙarshen jikinsa akwai wata 'yar ƙugiya da yake riƙe mace da ita, kuma kowane iri da tasa siffar, yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Mata kuwa mun kama har kwalabe sun cika. Namiji kuwa babu ko ɗaya. Sai Malam ya kafe a kan cewa ba zai raɗa wa halitta suna ba sai ya ga namijinta da idonsa.

Abokansa sun yi ta fama da shi. Wani ya ce, “Zahari, ka buga abin nan mana ka huta, kafin wani Bajamushe ya riga ka.” Malam ya ce, “In ya riga ni da namiji a hannu, ni zan fara aika masa barka. Ni dai ba na ɗaura aure ban ga ango ba.”

Haka muka dinga zuwa duk bazara, ni da shi, tun ina ɗalibarsa har na fara furfura. Mun ɗaura raga a kan doguwar gora, mun ari tsanin coci, mun hau bishiya. Wasu a nan sun tuna ranar da tsanin ya zame, Farfesa guda ya nutse a taɓo har ƙugu, bai damu da kansa ba sai ihu yake, “Kwalbar, Nevena, riƙe kwalbar!” Marigayi Kawu Kolyo makiyayi kuwa, duk yamma in ya koro tumaki sai ya tsaya ya dogara sanda ya ce, “Farfesa, yau ma angon bai zo ba?” Malam ya ce, “Bai zo ba, Kolyo.” Sai ya kaɗa kai ya ce, “Ai ya ji labarin amaryar ne. Ni ma da wani ya ba ni labarin tawa da wuri, da yanzu ina ƙasar Girka.” Gwaggo Ginka, matar Kolyo, ga ki can kina dariya, ke kika jefe shi da takalmi ranar.

Sai na gaya muku wani hali na Malam, ko da zai hukunta ni daga baya. Ban taɓa ganin mai tsabtar aiki irinsa ba. Yana da wani tsinken ashana da ya manna wa gashin ido guda ɗaya a baki. Duk ƙudan da aka kama, kafin ya hau gilashi a sa shi a ƙarƙashin babban madubin duban ƙananan halittu, sai Malam ya ɗauki ƙaramin madubin hannu ya share shi da wannan gashi, ya kakkaɓe masa ƙura da garin fure. Ba ya barin kowa ya yi masa wannan aiki. In na miƙa hannu sai ya ce, “Bari, yarinya, hannun naki na yankan kabeji ne.”

Sai idanunsa suka fara dushewa. Ranar da ya dawo daga ganin likita a Plovdiv, sai ya ɗauki tsinken nan ya ajiye a gabana, ya fita ya zauna a ƙarƙashin rumfar inabi. Jama'a, ranar na ji tsoro. Tsorona shi ne mutumin nan ya bar duniya bai san ko abin da ya ba rayuwarsa sabo ne ko kuwa tsohon abu ne da wani ya riga ya rubuta ba. Kwalaben kuma a mayar da su ɗakin ajiya, babu suna, babu mai tambaya.

Magana ta uku ita ce ranar da abin ya warware. Bazarar da ta biyo baya mun zo kamar kullum, sai dai yanzu ni ke kamu, shi yana zaune yana ba da umarni. Wata rana da la'asar na ɗora miyar wake a wuta, ina sauri, sai na ɗauki wata mace na cusa ta a ƙarƙashin babban madubi ba tare da na share ta ba. Na ce, “Malam, akwai wani abu maƙale a ƙarshen cikinta.”

Ya ce, “Datti ne. Share shi. Sau nawa zan gaya miki?”

Na ce, “Malam, dattin nan yana da ƙugiya.”

Ya juyo gare ni. Can ya ce, “Kada ki yi mini waƙa, gaya mini abin da idonki ya gani. Lanƙwasarta ciki ko waje?” Na ce ciki. Ya ce, “Bakin fa?” Na ce a tsage yake gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya ce, “Gashi?” Na ce sai a gindi kawai. Ina kallonsa yana motsa leɓe, yana bin dangin nan ɗaya bayan ɗaya a cikin kansa, domin duk ya haddace su. Sai ya ce a hankali, “Babu mai irin wannan. Babu.”

Ga abin da ke faruwa. Macen nan, yadda take farautar wasu, haka take farautar mijinta. Can sama da bishiyoyi, inda gorarmu ba ta kaiwa, take cafke shi. Ana cikin aure tana zuƙe shi, gangar jikinsa ta faɗi, 'yar ƙugiyar ta saura a jikinta, ta bushe ta zama kamar ƙwayar ƙura. Mun karanta a littafi cewa wasu danginta suna yin haka, amma a madubin hannu wa zai ce wannan ɗigon ango ne? Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Nevena, ashe shekara da shekaru ni nake share angon da hannuna ina zubarwa!” Daga dariyar sai kuka. Ni ma na yi. Miyar ta ƙone ƙurmus.

Mun rubuta bayanin tare, yana faɗa ina gyarawa, ina faɗa yana faɗa da ni. Masana sun duba sun amince, kuma a watan jiya aka buga shi da sunan wannan ƙauye, elshevensis. Gwaggo Ginka ta tare ni a bakin shago ta ce, “Yanzu duk ƙauyukan duniya a rasa wanda za a laƙaba wa mai cinye miji sai namu?” Ki yi haƙuri, Gwaggo, an riga an buga.

Amma da sauran abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Ranar da na karanta masa takardar, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To, na yarda da ke.” Mutumin da bai taɓa yarda da abin da bai gani ba, mutumin da ya ƙi sauraron manyan farfesoshi, yau shi ne yake karɓar maganar mai hannun yankan kabeji, don ba shi da wata hanya. Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Sai na kwashi zane-zanena na kai wa Stanoy kafinta, ya sassaƙa ƙugiyar nan da itace mai tauri, ya faɗaɗa ta har ta cika tafin hannu biyu. Ga ta nan a cikin wannan ƙyalle.

Shugaba, ki ba ni izini in sauko.

Malam, miƙo hannuwanka. A hankali, tana da ɗan nauyi. Nan ne gindin, ka ji gashin? Bi da yatsa. Ga lanƙwasar, ciki ta yi kamar yadda na ce. Ci gaba. Yauwa, ga tsagar.

Na'am, Malam? Jama'a, ya ce tsagar ta fi yadda na kwatanta masa zurfi, wai dama can ban iya kwatance ba. Ya kuma ce yanzu ya gani.

Ku bar masa ita, kada kowa ya karɓa tukuna. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Allah ya jiƙan Kawu Kolyo da duk waɗanda suka yi mana dariya a bakin fadamar nan ba su kai ga ganin yau ba. Allah ya bar ruwa a fadamarmu, ya dawo da yara makarantarmu, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya.

Na gode.