Mun Zaɓi Taya Kamar Kwano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta mata masu kiwon kaji, Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri da mu, Ma'aji, mai jakar da ba ta buɗuwa sai da shaidu uku, babban baƙonmu likitan dabbobi, wanda kajinmu suka fi mu saninsa, bakanikenmu da mai facinmu, waɗanda suka wanke hannu yau har na kasa gane su, 'yan'uwana mata, mazajenmu da suka zauna can kusa da ƙofa don gudu ya zo musu da sauƙi, 'ya'ya da jikoki, ina gaishe ku da kyau.

Na gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan damina lafiya. Na gode wa Shugaba da ta miƙo mini abin magana, ta ce minti biyar. Wanda ya ba tsohuwa abin magana ya ce minti biyar, ai shi ya so.

Jama'a, kun ga mukullin motar ƙungiya a kan teburin nan. Saboda shi muka taru. Motar nan ita ke ɗaukar ƙwanmu kullum safiya daga gonaki zuwa kasuwa, kuma mai tuƙa ta jikana ne, angona, wanda kuke kira Shiru-shiru. A daminar bara motar ta kafe a laka sau huɗu, aka ce laifin direba ne, aka ce a gwada shi damina ɗaya sannan a yanke hukunci. A daminar bana, ko sau ɗaya ba ta kafe ba. Duk da haka na ji ana raɗa cewa sa'a ce kawai ya taka, gara a ba wani mukullin. Na ji, domin kunnen nan nawa ba ya jin sallama, amma yana jin gulma. To kafin a ɗaga hannu, ina da magana uku.

Magana ta farko, wa ya sayo tayoyin bara?

Kuna kallon juna. To ni zan faɗa. Mu huɗu ne muka je: Shugaba, da Ma'aji, da Uwar Biyu, da ni. Muka ce ba za mu bar namiji ya yi mana sayayya ba, a cuce shi a cuce mu. Muka shiga shagon mai taya, direba na biye da mu kamar an aike shi. Direban ya nuna wata taya mai manyan haƙora. Uwar Biyu ta ce, "Wannan mai kama da bayan kada? Wa zai riƙa wanke ta?" Sai muka hango wata a jingine, baƙa wuluk, sumul, tana ƙyalli. Ashe mai shagon ne ya shafa mata mai. Muka shafa ta da tafin hannu, muka ƙwanƙwasa ta muka kasa kunne, yadda muke yi wa kwano. Ma'aji ta ji kuɗinta da sauƙi, fuskarta ta washe. Shugaba ta ce, "Wannan ba za ta riƙe datti ba." Jikana ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Rufe mini baki, tun ba a haifi uwarka ba nake sayayya." Ya rufe.

Gaskiyar Shugaba ce, tayar nan ba ta riƙe datti ba. Ba ta riƙe laka ba, ba ta riƙe hanya ba, ba ta riƙe komai ba. Ranar kafewa ta uku ina gidan gaba. Muka iso gangaren nan na bakin rafi da sassafe, tayoyi huɗu suna juyawa, mota tana nan inda take, kamar mai rawa a wuri ɗaya. Uwar Biyu ta ɗaure ɗamara ta sauka turi. Da ta dawo, da haƙoranta kaɗai na shaida ta. Ƙwai ya sha rana har azahar, masu saye suka watse. Muka dawo muka yi wa direba ca, har da ni a ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri." Shi ke nan abin da ya ce, shekara guda cur. Laifi tudu ne, jama'a, mun taka namu mun hango nasa.

Magana ta biyu, yadda aka zaɓi na bana. Ku kasa kunne, musamman mazan can na bakin ƙofa masu motoci, domin ilimin nan da laka na saye shi.

Da bazara mai facinmu ya kira ni gefe ya ce, "Kaka, tayar kwalta kuka sa wa motar daji, kuma ma tsohuwa." Ya nuna mini lambobi huɗu a gefenta. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na iya ƙidaya. Tayar nan ta girmi tattaɓa-kunnena mai zuwa makaranta. Na ji kunya, na ɓoye abin a ciki, na ce da Shugaba a canza taya kawai, ni da direba za mu je.

Muka koma kasuwa. To kun san halin wanda maciji ya sara. Ina shiga na nufi wata mai haƙora kamar ta tarakta, na rungume ta, na ce ita ko ba komai. A nan ne jikana ya yi jawabi mafi tsawo a rayuwarsa. Ya ce, "Kaka, in an raba hanyarmu biyar, huɗu kwalta ce, ɗaya laka. Wannan a kwalta za ta yi ta kuka, ta sha mai, ta cinye da wuri, ta girgiza ƙwai. Kuma kullum muke fita." Na ce, "Kai, ashe kana da harshe?"

Sai muka nemi ta tsakiya, daidai ruwa daidai tsaki. Mai haƙora, amma ba na hauka ba. Tsakanin haƙori da haƙori ɗan yatsana ya shiga ya fita, domin ta nan take tofar da laka in tana juyawa. In ramin ya yi ƙunci laka ta cike shi, taya ta koma sumul. Muka tsoma tsinken ashana muka ga zurfinsa. Muka danna gefenta muka ji da ƙwari, saboda kututture da nauyin kaya. Jikana ya duba lambar girmanta ta yi daidai da wadda aka rubuta a jikin ƙofar mota. Ni kuma na duba shekara, don yanzu na zama gwana.

Mai shago ya kawo mana wata ta hannu, ya ce sunan kamfaninta ya zagaye duniya. Na leƙa cikinta na ga faci biyu da ƙullutu a gefe. Na ce, "Ɗana, ni ma ina da suna a garin nan, amma gwiwata ta ƙare." Muka ɗauki sabuwa mai sauƙin kuɗi, wadda sunanta ko mai shagon bai iya faɗa ba. An ce araha ba ta ado. Mu ba ado muka je nema ba, adon ne ya kai mu ya baro. Kuma biyar muka saya iri ɗaya, har da ta ratayawa a baya, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son ƙafa ɗaya ta bambanta.

Ba zan ce ba ta da aibi ba. Tana ɗan guɗa a kan kwalta, har Ma'aji ta ce kamar ana rakiyar amarya. In an yi ruwa a kwalta sai an taka birki da wuri.

Magana ta uku ita ce ta masu cewa sa'a. Ni na zauna a gidan gaba damina guda, na gani da idona. Kafin gangare jikana yakan tsaya ya rage wa tayoyi iska don su baje su kama ƙasa. In mun hau kwalta ya tsaya wurin mai faci a mayar. Kullum, ko ana ruwa. Duk bayan 'yan watanni ya mai da na gaba baya, na baya gaba, don su ci daidai. In sa'a ce take durƙusawa a cikin caɓi tana auna iska, to a nuna mini gidan su sa'ar nan, ina da jika mace da zan aurar a gidan.

Saboda haka ina da roƙo. Kafin a ɗaga hannu a kan direba, a ɗaga a kan taya. Duk wadda ta shafa tayar bara da tafin hannunta ta ce madalla, ta ɗaga hannun nan. Ga nawa. Uwar Biyu, ina kallonki. Yauwa. Ma'aji, ajiye jakar, ba mai ɗauka. Saura ɗaya. Allahu akbar, Shugaba ta ɗaga har biyu!

To, ga masu kafar da mota sun bayyana. Angona, taso. Taso mana, ba duka za a yi ba. A gaban mutanen da na rufe maka baki saboda su, na ce ka yafe wa kakarka. Shugaba, na ga kin riga kin ɗauko mukullin, miƙa masa kafin kunya ta kashe shi. Ku tafa masa, jama'a! Ku dube shi, an ba shi mukulli, an ba shi haƙuri, har yanzu bai ce uffan ba, sai murmushi.

Allah ya kiyaye mana hanya, kwaltarta da lakarta. Allah ya sa wa kajinmu albarka, ya kai ƙwanmu kasuwa ba tsaga. Allah ya ba yaranmu bakin magana, ya ba mu tsofaffi kunnen saurare. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya nuna mana daminar baɗi muna masu dariya kamar yau.

Na gode.