Gaisuwar da Ta Raba Ni da Keken Ɗinki

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, da fatan kana lafiya.

Ni manomi ne daga Kafin Dafga. Ranar Talata na kai keken ɗinkin maiɗakina gyara Kano. Da zan dawo, aka ɗaure shi a saman motar Karaye a tasha. Wani dattijo mai farar riga ya zauna kusa da ni, ya gaishe ni har da tambayar damina. Mu a ƙauye, wanda ya gaishe ka ba ka ɓoye masa komai. Na faɗa masa sunana, da garinmu, da abin da ya kawo ni.

Mota ba ta cika ba, sai na sauka yin sallar La'asar. Na dawo babu keke, babu dattijo. Direba ya ce, "Ai yayanka ne ya sauke, ya ce kun fasa tafiya. Har sunanka ya kira!"

Malam, da keken nan take yi wa rabin unguwarmu ɗinki. Har yau na kasa haɗa ido da ita.

Jama'a, ku ba ni shawara don Allah. Idan mun shigo birni, mu daina amsa gaisuwa ke nan?