Irin Inna a Liyon

Kuɗin motar da ta kai ni Yamai akuya ce ta biya su. Akuyar yayata Zali ce, wata ja mai taurin kai da ta addabi unguwarmu da ɓarna, ranar da aka ja ta kasuwar Buza har godiya maƙwabta suka zo yi mini. Kuɗin jirgi kuwa waɗanda suka gayyace ni ne suka biya, don ko awakin garinmu Karofane duka aka sayar a shekarar nan ba za su kai mutum Faransa ba. Ke Rabi jikata, ajiye wayar nan ki riƙe ƙwaryarki da hannu biyu, furar da kike sha tana cikin labarin.

Ku yanzu kun san ni da farin gemu, amma a shekarun tamanin ni mai zanen motoci ne a tashar Madawa. An kore ni daga lakwal, makarantar boko ke nan, saboda na zana hancin mushenmu, wato malaminmu, a allo, kuma laifin shi ne ya yi kama ƙwarai. Ina nan ina zana zakuna da dawisu a jikin kamiyo, manyan motocin kaya, sai wani Bafaranshe mai koyarwa a Tawa ya ga aikina, ya ara mini kamara da manyeto, wato rikodar nan mai kaset. Na shiga ƙauyuka ina ɗaukar hoton hannaye kawai: hannun mai daka, hannun mai jan guga, hannun Bafillatana tana tatsa. Ina kuma ɗaukar ƙarar turmi da kukan kurciya. Mutanen garinmu, da ba sa kirana Sha'aibu sai Auta, suka ce shi ke nan, Auta ya zautu, yana hira da taɓarya.

Hotunan nan su suka yi tafiya har wani gidan nuna zane a birnin Liyon, aka aiko mini takarda in zo in nuna aikina. Abin da na tsara shi ne in gina rumbun ƙasa irin namu a tsakiyar ɗakinsu, in sa kaset ɗin luguden matanmu a ciki, a kashe fitila a haska hannayen a bango. Shekarar kuwa ita ce ta biyo bayan babban farin nan. Rumbunanmu in ka leƙa ka yi magana, muryarka ce za ta dawo maka.

Da na gaya wa Inna, uwata, ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Rumbu za ka gina ma Nasara? Mi za ka sa ciki?"

"Murya, Inna."

"Murya! Kai Auta, rumbu wohi za ka kai su gani, su ce mutanen Karofane ba su da ko ƙwara?"

Ta shiga madafa ta sauko da wani ƙaramin dami da ke rataye cikin hayaƙi. Irin shukarta ne. Hatsi ne mai saurin nuna da ta gada wajen uwarta, duk yunwar da aka yi ta gwammace ta ci ganye da ta taɓa shi.

"Shi ɗai yar rage min," ta ce. "Ka sa shi ciki su gani. Amma kamin ruwan hwari shi sauka ka maido min abina. In ba ka maido ba, irin uwata ya ƙare ke nan."

Na ce ta bari, na roƙe ta, Zali ta roƙe ta. Inna in ta yanke magana, sai dai ka nemi inda za ka zauna. Haka na shiga jirgi da dami a cinyata, mutumin duwan, wato kwastan, yana juya zangarniya yana tambayata ko tsintsiya ce.

Na baro Madawa ana zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake, na sauka inda ruwa ke ta yayyafi tun safe, rana kuwa sai labarinta. Aka kama mini ɗaki a gidan wata gajeruwar tsohuwa, Madam Odet, mai makullai a ƙugu da ɗan tsuntsu rawaya a keji. Daren farko ban taɓa abincinta ba, don ta kawo mini wani cuku mai warin takalmin soja, tana cewa wai shi ne mai tsada. Washegari na zaɓi zangarniya uku mafi kyau daga cikin damin, na rataye su sama da murhunta, yadda Inna ke yi. Ban kai ga sa hula ba na ji ihu.

"Mushe Sha'aibu! Mene ne wannan a kan murhuna?"

"Iri ne, Madam. A gidanmu nan ake rataye shi, hayaƙi ya kori ƙwari."

"Ka ga hayaƙi a nan? Gas ne! So kake ka tara mini ɓeraye, ko ka ƙone mini gida?"

"Madam, na uwata ne."

"Murhun kuma nawa ne!"

Ta hau kujera ta fizge su ta shige ɗakinta ta datse ƙofa. Kafin ƙofar ta rufe na hango kejin nan a ɗakin. Na dubi tsuntsun, tsuntsun ya dube ni, na ce shi ke nan, ya samu abincin wata. Raina ya ɓaci har na daina gaishe ta. Kun san abin da rashin gaisuwa ke nufi wajen Ba'adare irina, mutumin ƙasar Adar. Kwana da kwanaki ina wuce ta fuska a murtuke, ita kuwa ko lura ba ta yi ba.

A wajen aiki kuma ga Mushe Alan, shugaban gidan nuna zanen, dogo mai gyale a wuya kamar mai mura. Shi ya koya mini cewa abin da nake yi sunansa anstalasiyo. Ni da na zaci rumbu nake ginawa! Da ya ga damin sai ya girgiza kai.

"A'a, a'a. Rumbun ya zauna babu komai. Duniya ta ga yunwar ƙasarku."

"Yunwarmu kun gan ta a telebijin har kun ƙoshi. Uwata ta ce a sa hatsi."

"Uwarka ce darakta?"

"A gidanmu, ita ce."

Ya ɗaga hannu sama ya yi ta magana da rufin ɗaki, sannan ya ce in yi abin da na ga dama, amma kada in zo masa da kuka.

Aka kawo mini yumɓu daga wajen masu bulo, na naɗe wando na kwaɓa da ƙafa, ma'aikata suna kallo kamar ana wasan kura. To ga inda na yi wautar. A nan gida in ka ɗora gini, kwana uku rana ta mayar maka da shi dutse. Can kuwa sati guda rumbuna yana nan luɓus kamar tuwon jiya. Sai suka kewaye shi da shofaj, wasu akwatunan ƙarfe masu fitar da zafi. Bayan ya fara tsagewa, na ce a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma a rufe da jiƙaƙƙen buhu, yadda muke yi. Da aka kwana biyu na shafa bayansa na ji ya yi tauri. A garinmu in baya ya bushe ciki ma ya bushe, don ranarmu ba ta rabin aiki, kuma ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ba haka ba. Na shimfiɗa hatsin Inna a ƙasan rumbun, na kunna 'yar fitilar da na sa a ciki, na toshe tagar da na huda a gefe da katako don kada kowa ya leƙa kafin ranar buɗewa. Na koma kan hotuna da kaset har kwana biyar. Su kuwa ma'aikata suna ta yayyafinsu, don babu wanda ya ce su daina.

Ranar buɗewa suna ce mata barnisaji. Ku faɗa in ji. Barnisaji! Ni sai da na yi kwana uku ina gwadawa a gaban madubi. Da la'asar ɗaki ya cika maƙil, kowa da kofi a hannu, maza da mata suna ta sumbatar kumatun juna kamar an dawo daga Makka. Aka rage fitilu. Hannayen matan Karofane suka bayyana a bango, kowane ya fi ƙofa girma, sai lugude ya tashi daga cikin rumbu, tim, tim, tim, har da dariyar Zali a ciki. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wani dattijo ɗan Keita mai sharar titi ya ji daga waje, ya kutso da tsintsiyarsa yana cewa, "Wa ka daka nan? Wa ka daka?" Muka rungume juna muna dariya, hawaye na zuba, ban ma san sunansa ba tukuna. Ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Sannan na je na cire katakon taga.

Kore shar. Ɗumi da ruwa da fitila sun yi aikin damina a cikin rumbun. Kowace zangarniya ta tsiro, fararen saiwoyi sun shige cikin yumɓu, ganye ƙanana sun miƙe suna bin haske. Sai tafi ya ɓarke. Mushe Alan ya rungume ni yana kuka cikin gyalensa, yana cewa, "Rumbu mai rai! Ka ɓoye mini, mugu!" Suna layi suna leƙawa, masu jarida suna ta walƙiya. Ni kuwa na tsaya riƙe da katakon. Kowane ɗan manomi ya san irin da ya tsiro ba ya komawa iri. Suna taya ni murna, ni muryar Inna kawai nake ji tana cewa in maido mata abinta.

Da safe na kasa fita. Na zauna a kan matakalar bene na dafe kai. Madam Odet ta fito da bokitinta za ta goge ƙasa, ta tsaya a kaina. Na ce, "Ina kwana, Madam." Ta ce ashe ina da baki. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga madafar Inna har zuwa tagar rumbu. Ta ajiye bokiti ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin biskit ta ɗora mini a cinya.

Na buɗe. Zangarniya uku, a nannaɗe cikin takarda, a bushe ƙayau.

"Ubana manomi ne," ta ce. "Na san iri in na gan shi. Kai ka rataye shi a kan tururin tukunyata, da kwana uku ya yi fumfuna. Na ce in ka gama fushi za ka tambaya."

"Tsuntsun fa?"

"Shi ba ya cin abin baƙi."

Na durƙusa har ƙasa ina godiya, ta firgita ta zaci suma zan yi, ta ruga ɗebo ruwa. Kafin in bar gidan sai da na zana mata tsuntsun nan a katako, na ba shi ƙirjin zaki don in wanke zargin da na yi masa. Cukun ma na ci, sau ɗaya, saboda kunya.

Ana tsakiyar nunin na ce zan tafi. Mushe Alan ya ce mutane daga wasu birane suna son ganina, na ce masa rumbun yana nan, su gan shi, ni damina ta kusa. Na sayi bargo na Inna, a Madawa kuma na sayi awaki biyu na Zali, duka masu hankali. Ranar da na sauka Karofane gabas ta riga ta fara haɗa baƙi.

Inna tana zaune a tabarma. Bayan gaisuwa na tura mata gwangwani. Ta buɗe, ta ɗaga kai.

"Ukku? Ina sauran?"

Na miƙa mata hoton da aka ɗauka ta tagar, da wani na rumbun gaba ɗaya. Ta daɗe tana dubawa.

"Wanga rumbu kai ka gina shi?"

"Ni na, Inna."

"Bakinai ya karkace." Ta koma kan ɗayan. "Wanga kore hwa, irina na?"

"Shi na. Laihina na, Inna, ban bari ƙasa ta bushe ba."

"Nasara sun gani?"

"Sun gani. Har kuka babbansu ya yi."

Sai tsohuwar nan ta kece da dariya, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta darni. Tana nuna musu hoton tana cewa, "Ku zo ku gani! Mu nan muna jiran ruwa, irin uwata ya tahi ƙasar da babu rana ya yi damina tasa!" Sannan ta share ido ta ce in nemo sungumi in gyara masa ƙota, in bar tsayuwa kamar baƙo.

Bayan kwana biyu ruwa ya sauka. Muka shuka zangarniyar nan uku a kusurwar gona kusa da gawo, Inna da kanta take jefa ƙwayar tana rufewa da diddige. Shekarar ko ƙwara ba mu ci daga ciki ba, duka ta mayar iri. Shekara ta gaba ya rufe gonar, ta gaba kuma mutane suka fara zuwa roƙo daga Tabotaki har Urno, suna cewa a sam musu ɗan Liyon. Na sake zuwa ƙasashe bayan nan, na gina rumbuna da bakinsu bai karkace ba, amma babu wanda ya kai wancan.

To Rabi, furar da kika shanye tun ɗazu kina kallona, jikar zangarniyar nan uku ce. Gwangwanin kuma yana ɗakina, fentinsa duk ya goge. Har Inna ta rasu, kowace kaka ita take zaɓen uku mafi kyau ta sa a ciki, bayanta ni na ci gaba. Yanzu idona ya fara gardama, ba na bambance mai kyau da mai dama-dama. Gobe da safe ki sa takalmi ki bi ni gona. Bana ke za ki zaɓa.