Ranar Da Mai Tsawa Ya Daina Cewa Madalla

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma babban baƙonmu, uwar ɗakina shugabar wannan cibiya ta koyon sana'a, malamanmu masu koyarwa, iyayen gida masu shaguna da suka buɗe wa ɗalibanmu ƙofa, iyaye da mazaje da mata da suka yo rakiya, ɗalibanmu da ake yayewa yau, da ƙanwata mai fassara da hannu da ke tsaye a gefena domin 'yan'uwanmu kurame, da dukkan jama'ar da ta cika wannan zaure har bakin taga: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na can baya, in ba ku ji ni ba ku ɗaga hannu. Haka Allah ya yi muryata, ko a gida sai na kira yara sau biyu kafin su san da su nake.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Godiya ga waɗanda suka ba da kayan aiki, da magina da suka fasa mana matakalar ƙofa suka shimfiɗa gangare, har keken guragu yake shiga aji ba sai an ɗaga mutum kamar buhu ba. Godiya ga malamai, waɗanda haƙurinsu ya fi albashinsu tsawo.

Aikina a cibiyar nan shi ne in nema wa ɗalibi shagon da zai je ya goge hannu bayan ya gama aji, sannan in riƙa bin sawu ina leƙawa. Don haka maganata uku ce, biyu gajeru, ɗaya kuma za ku yi mini haƙuri.

Ta farko ga duk mai buƙata ta musamman da bai zo mana ba tukuna. Ƙofa a buɗe take. Akwai ɗinki da saƙa, akwai gyaran waya, akwai gyaran fanka da injin ruwa, akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo. Akwai mai zama da kai ta tambaye ka abin da ranka yake so kafin a sa ka aji, domin ba kowane makaho ne yake son saƙa kujera ba, ba kuma kowane gurgu ne yake son gyaran takalmi ba. In ka gama, akwai akwatin kayan aiki, akwai kuma ni, da zan dame ka da ziyara har ka gaji da ganina.

Ta biyu ga iyaye. Ku bar su su fito. Na san tsoron da ke ranku: mota, rana, bakin mutane. Amma ɗakin da kuka ajiye su don kada duniya ta taɓa su, wata rana ba kwa nan, duniyar za ta shigo har ciki ta same su hannu sake.

Ta uku ga iyayen gida masu shaguna, kuma a nan zan ba da labari. Na nemi izinin mutum biyun da abin ya shafa, duk suna cikin zauren nan, sun ce in faɗa, sai dai kada in ƙara gishiri. Zan yi iya ƙoƙarina.

Akwai ɗalibinmu da muke kira Baban 'Yan Biyu. Da can babur yake ja yana ciyar da iyalinsa, har aka yi haɗari, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ya daɗe a gida, matarsa na riƙe da komai da wankau da guga. Da ya zo mana ya zaɓi gyaran fanka. Ranar farko ya ce mini: "Malama, ni ba takarda na zo karɓa ba. So nake in koma mai fita da safe, yara su tambaya ina Baba a ce ya tafi aiki."

Da ya gama aji na kai shi wurin wani maigida da duk unguwa ta sani da suna Mai Tsawa. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, yaran shagonsa ne. Mutum ne da in ka ajiye masa sukudireba a inda ba wurinta ba, mai sayar da lemo a tsallaken titi sai ya ji labari. Amma duk wanda ya fita daga hannunsa ya iya aiki, shi ya sa na zaɓe shi. Muka sa wa'adi, muka yi da shi cewa in hannun mutumin ya faɗa zai riƙe shi a shago, in bai faɗa ba ya dawo mini da shi.

Na leƙa sau da dama, kullum labari mai daɗi. An ba shi kujera mai jingina, an sa masa teburi kusa da ƙofa inda iska take. Na ce alhamdulillahi. Sai ga shi wata safiya a ofishina, ya jingine sandarsa, ya zauna, ya ce: "Malama, na zo ki canza mini shago, ko kuwa in koma gida."

Na ce: "Subhanallahi. Tsawar ce ta yi maka yawa?"

Ya ce: "Wace tsawa? Ai ita nake nema ban samu ba. Kowa a shagon nan ana zaginsa, ni kaɗai ake gaisarwa."

Ashe duk abin da ya gyara ya miƙa, sai maigida ya juya shi ya ce: "Madalla, sannu da ƙoƙari." Ya naɗa waya, madalla. Ya liƙe da dalma, madalla. Har ya fara jin kansa gwani, yana gaya wa matarsa ta kusa hutawa. To shi yana da wani tef shuɗi da muka ba shi cikin akwatinsa, da shi yake naɗe wayoyi. Sai ya lura in ya dawo da safe, fankar da ya gyara jiya tef ɗinta ya koma baƙi. Wato da zarar ya tafi gida, sai maigida ya kwance aikin ya sake shi da hannunsa, ya rufe, ya yi shiru.

Ya ce mini: "Malama, ban san wanne na iya ba, ban san wanne na ɓata ba. In na fita a haka na ƙona wa mutane inji, ba za a ce ban iya ba, cewa za a yi da ma wa ya kai wa mai ƙafa ɗaya aiki."

Na yafa mayafina na tafi shagon. Bayan gaisuwa na ce: "Maigida, na ji an ce kana da tef baƙi mai kyau." Ya gane. Ya sunkuyar da kai, ya ce: "Malama, mutumin da Allah ya riga ya jarrabta, ni kuma in ƙara masa? Magidanci ne fa, ga 'ya'ya. In na buɗe baki na ga sandar nan, sai harshena ya mutu. Alhaki nake tsoro."

Jama'a, ku ji fa, tsoron Allah ne ya sa shi. Shi ya sa abin yake da wuyar gyara, domin mugunta kowa yana ganinta, amma cutar da aka yi da kyakkyawar zuciya har godiya ake yi mata.

Na ce masa: "Lokacin da muke gaban malam muna karatu, akwai wata makauniya a cikinmu. Malam bai taɓa barin kuskurenta ya wuce ba. Yadda yake tsayar da mu haka yake tsayar da ita, ta maimaita har ya zauna. Da ya ji tausayinta ya ce madalla, da ta tashi da karatu karkatacce, ta koya wa 'ya'yanta haka, kuma da shi za a tambaya. Amana na kawo maka. Alhakin da kake gudu yana cikin shirun nan."

Ya ce to. Amma na ga irin "to" ɗin da ake yi wa mai wa'azi a mota.

Allah da ikonsa, ba a daɗe ba wani mai aski ya kawo fankar sama, yana sauri don shagonsa ya cika. Baban 'Yan Biyu ya gyara, mai aski ya aiko aka karɓa kafin maigida ya samu damar yin nasa na bayan ido. Da azahar sai ga mai aski da fanka a kafaɗa, gumi har gemu, tun daga titi yake faɗa: "Wane ne ya yi mini wannan aika-aika? Fanka tana juyawa da baya! Iskar ma zuƙe ta take yi, mutane na zufa gashi na manne musu a wuya!"

Baban 'Yan Biyu ya dafa teburi ya miƙe, ya ce: "Ni ne."

Mai aski ya dubi sanda, ya dubi ƙafar wando da aka naɗe, nan take murya ta sauka. Ya ce: "Af, kai ne? A'a, ba komai wallahi. Da ma zafin bai yi yawa ba. Sannu da ƙoƙari." Ya juya zai kai fankarsa wani shagon.

Maigida ya gaya mini da bakinsa cewa a nan ya ji muryarsa a bakin wani, kuma bai ji daɗinta ba. Ga ciniki zai fita, ba zai dawo ba, ga wanda ya yi kuskuren an bar shi tsaye ba a ko gaya masa inda ya kuskure ba. Sai ya fizge fankar ya dire ta a kan teburi, ya waiwaya, aradu ta faɗi. Kalmar da ya fara da ita ba zan maimaita ta a gaban manya ba, dabba ce dai mai dogon kunne. Ya ce: "Waya nawa ce a nan da za ka juya su? Ƙafa aka yanke maka ko ido? Kwance ta! Ba wanda zai taɓa maka, kuma ba inda za ka sai ta ba da iska!"

Baban 'Yan Biyu ya kwance fankar, ya duba, ya sake dubawa, maigida na tsaye a kansa yana huci, mai aski ya rasa inda zai sa kansa. Da kansa ya gano wayoyi biyun da ya sauya wa wuri. Aka rataya, aka kunna, iska ta sauko.

Da la'asar ya zo ofishina, fuska kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya ce: "Malama, yau ya zage ni! A gaban mutane!" Na ce: "To, Allah ya ƙara." Ban taɓa yi wa zagi wannan addu'a ba sai ranar.

Ba cewa nake a riƙa zagin mutane ba, kada a fita a ce Malama ta halatta. Maigida ma na roƙe shi ya rage dabbobin. Abin da nake roƙo shi ne wannan: ku sauƙaƙa musu ƙofa, ku sauƙaƙa musu teburi da wurin zama, amma kada ku sauƙaƙa musu aiki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kuma masu kawo gyara da ɗinki, in ɗalibinmu ya ɓata muku, ku dawo masa da shi ku nuna masa. Wanda ya dawo da ƙorafi ya ɗauke shi mai sana'a. Wanda ya yi murmushi ya tafi bai dawo ba, ya rufe masa shago bai sani ba.

Shekaranjiya wa'adin da muka yi da Mai Tsawa ya cika. Na je in ji ko zan dawo da ɗalibina. Ya ce: "Ki nemi wani ki kawo, wannan ba inda za shi. Na janye teburinsa daga bakin ƙofa na mayar ciki kusa da nawa, can ake aikin gaske, zafi ne dai ya ishe shi." Daga farkon wata Baban 'Yan Biyu ma'aikaci ne a shagon. Matarsa tana nan a sahu na uku, ta ce in gaya wa Mai Tsawa ta yafe masa dabbar.

Allah ya sa albarka a hannuwan waɗanda aka yaye yau, ya sa sana'arsu ta rufa musu asiri. Allah ya saka wa malamai da iyayen gida da alheri, ya ba mu ikon faɗa wa juna gaskiya da zuciya ɗaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.