Haliru Ba Ɗan Ruwa Ba Ne

Jama'a, a cikinku wa ya taɓa ganin Haliru yana iyo? Ko sau ɗaya?

Ku yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa fitowa. Ranka ya daɗe dagaci, Allah gafarta malam liman, Sarkin Ruwa da manyan masunta, Inna Tabawa da ta haife shi, assalamu alaikum. Ni ne Ɗanbaba, abokinsa tun muna yara. Ku kuka ce in yi magana, to zan yi.

Ya kasance mai gyaran injin jirgi da babu kamarsa daga Yelwa har Ngaski. Inji na kuka a tsakiyar tabki, shi yana gaɓa, zai ce fulogi ne, a buɗe a tarar fulogin ne. Ya kasance ba ya kallon idon mutum, hayaniyar kasuwa kuwa sai ya toshe kunne. Bai yi magana ba sai da ya shekara biyar. Shi ke nan muka yanke hukunci: ɗan ruwa ne, aljanun tabki sun musanya wa Inna jariri. Inna ta tsorata kada su karɓe abinsu, ta hana shi shiga ruwa ko zuwa gwiwa. Ɗan masunci, ya girma bai iya iyo ba!

Abin da ke cin raina, shi ma ya yarda da mu.

Bara na sayi ƙuliƙuli a Yelwa, aka naɗe mini a yagaggen shafin mujallar lafiya. Ban yi boko ba, da irin waɗannan takardu na koyi karatu. Kwana uku ina haɗa baƙi. Otizim suka kira abin: halittar ƙwaƙwalwa ce, ba iska ba. Na ruga na karanta masa.

Ya ce, "Ɗanbaba, wanga na yaran Turawa ne, waɗanda ba su magana. Ni ina magana. Ni ɗan ruwa ne, kowa ya sani."

Na ce, "Ɗan ruwan gidan uban wa?"

Ya ce, "Da Baba ya rasu ban yi kuka ba. Mutumin gaske da ya yi."

Wannan fa shi ne wanda kullum safiya sai ya goge tsohon injin Baban nasa, shekara huɗu bai fasa ba. Mun koya masa cewa ba shi da zuciya, ya haddace.

Yau kwana arba'in ke nan da tarun kifi ya maƙale a kututture ƙarƙashin tabki. Gwanayen nutso suka ƙi shiga. Haliru na cikin jirgin don kula da inji. Sai wani ya ce, "A tura ɗan ruwa mana, ai ruwa ba ya cin nasa." Aka yi dariya. Kun sani sarai Haliru ba ya gane ba'a, abin da aka faɗa shi yake ɗauka. Ya cire takalmansa, ya jera su, ya faɗa ruwa.

Inna, na ji abin da mata ke gaya miki, wai danginsa suka ɗauke shi, ki daina kuka. Ƙarya ne. Ke kika haife shi, ke ce danginsa, kukanki halal ne.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Haliru, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana abin da bakinmu ya yi masa.

Amma kada a shafa fatiha tukuna. Mutum shida ne a jirgin nan ban da Haliru, dukanku ina ganinku a kan tabarma. Ba kotu nake nema ba. Wanda ya faɗi maganar ya miƙe, ya dubi Inna, ya gaya mata a gaban liman cewa ba aljani ne ya kira ɗanta ba. Muna jira.