Gahawar Manvel Tana Zuba

Shugaban taro, dattawanmu masu riƙe da sandunan mulki, baƙinmu da kuke sayen gahawarmu ba tare da dillali ba, iyayena mata, 'yan'uwana mutanen wannan tsauni, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni dama, sai dai hankalina a tashe yake.

Da farko, ina tuna mana alkawari. Ranar da muka gaji da jiran likitan gwamnati, mu da kanmu muka zaɓi Manvel ya riƙe ɗakin shan magani ba albashi, bisa al'ada: shi ya kula da marasa lafiyarmu, mu kuma mu yi masa gayya a gonarsa. Ya cika nasa. Wa ke nan da bai taɓa buga masa ƙofa ba?

Na biyu, mu ba mu cika namu ba. Tun da aka ce motar baƙinmu za ta zo ɗaukar gahawa ranar Asabar, kowa ya ruga tasa gonar. Jiya na bi ta gonar Manvel, gahawa ta nuna har ta yi baƙi, tana zuba ƙasa, matarsa Katal ce kaɗai ke tsinka da goyo a baya. Na ce, "Yaya, ina 'yan gayya?" Ta ce, "Ga mu nan, ni da na bayana, shi ma ragon barci yake." Ta yi dariya, ni na kasa. Sai ta ce, "Maigidan ya ce in ta lalace, can jihar Sonora mai nisa zai tafi ƙwadagon tsinkar tumatir. Yara ba magani za su ci ba."

Jama'a, ina tsoro! In Manvel ya tafi, ɗakin ya rufe. Kuma badi wa zai yarda a zaɓe shi? Malamin makarantarmu yana kallo, alƙalanmu suna kallo, su ma haka muka zaɓe su ba albashi. Ba sojan gwamnati ne zai rushe wannan mulkin kai da muka kafa ba, mu ne.

Baƙinmu, kun ce ku abokai ne, ba masu saye kawai ba. To ku ɗaga mana ranar motar nan. 'Yan'uwa kuma, ku dubi sama, hadari ya haɗu, ruwa ɗaya ya isa ya kakkaɓe abin da ya rage. Tawa ma ta nuna, amma gobe da safe kwandona gonar Manvel zai nufa.

Allah ya riƙe mana ruwan nan, ya ba baƙinmu haƙuri, ya mai da kowa gida lafiya, kada ya sa Katal ta sake yin gayya ita da jariri.

Na gode.