Kuɗin Mota Zuwa Tan'im

A bakin titin Ajyad a Makka, bayan la'asar, wani dattijo ɗan Sudan rungume da jaka ya tsai da direban tasi ɗan Yaman.

"Direba, Tan'im! Ka jira in ɗau harami, ka dawo da ni. Nawa?"

"Riyal tamanin, Alhaji."

"Tamanin? Motar zan saya? Shekaranjiya talatin na biya!"

"Shekaranjiya ba azumi. Kuma baƙon Allah ba ya jayayya."

"Sai ya ɗau harami! Ni ban ɗauka ba tukuna, yanzu ne lokacin rigimata. Arba'in."

"Saba'in. Wai saurin me kake, ba ka yi Umararka ba?"

"Na yi tawa. Wannan ta gyatumata ce! Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta, tana da rai kullum tana cewa za ta zo. Yau dai ta zo!"

Direban ya leƙo ta taga, motoci na ta yi masa ham.

"Tawa ma ta rasu, a garinmu Ta'iz. Sau shida nake zuwa Tan'im a rana. Ban taɓa fita daga motar na ɗau mata harami ba."

"Kai! Shekara nawa kana haka?"

"Goma sha tara. Shigo, Alhaji, shigo! Kana da wani haramin a jakar nan?"

"Akwai, sabo fil."

"Nawa za ka bar mini?"

Dattijon ya ja ƙofa yana dariya.

"Riyal tamanin. Yi cinikinka yanzu, ɗana, in mun ɗaura babu jayayya."